ISRA'ILA, AMURKA DA BODAR JIBIYA: WA YA SAN DARAJAR ƘAWA?

Rubutun nan da ɗan tsawo, wanda ke sauri ya ajiye sai ya samu natsuwa. Roƙona ɗaya, kada a karanta layi uku a garzaya wajen sharhi.

Duk ranar da aka ce Amurka ta sake tura wa Isra'ila makamai, shafukanmu cika suke da amsa guda: "Ai Yahudawa ne ke juya duniya." Wani ya ce su ke da bankuna, wani ya ce su ke naɗa shugaban Amurka, wani ya ɗora hoton da bai san asalinsa ba. A yi ta Allah wadai har dare, gari ya waye kowa ya kama gabansa. Ni dai ban yarda da wannan amsar ba. Ba gaskiya ba ce, kuma amsar ragwaye ce. Tana hana mu gane yadda ƙasashe ke ƙulla ƙawance, tana kuma rufe mana ido daga abin da mu da kanmu muka yi wa ƙawarmu mafi kusa a Magama Jibiya.

Kafin wani ya ce an saye ni, ga matsayina. Abin da aka yi wa mutanen Gaza zalunci ne. Ma'aikatar lafiya ta Gaza ta ƙirga fiye da mutum 60,000 da aka kashe kafin ƙarshen Yulin 2025, cikinsu har da dubban mata da yara, kuma da bama-baman Amurka aka yi da yawa daga cikin wannan ɓarna. Kashe fararen hula da aka yi a Isra'ila ranar 7 ga Oktoban 2023, inda kusan mutum 1,200 suka mutu, shi ma ba abin tafi ba ne. Jinin wanda bai ji ba bai gani ba haramun ne ko na waye. To, mu shiga magana.

NAWA NE KUƊIN?

Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu babu ƙasar da ta karɓi tallafin Amurka a jimlace kamar Isra'ila, fiye da dala biliyan 150, ba tare da an yi lissafin faɗuwar darajar kuɗi ba. A 2016, lokacin Obama, aka sa hannu kan yarjejeniyar dala biliyan 38 ta shekara goma, daga 2019 zuwa 2028. Wato biliyan 3.8 kowace shekara: biliyan 3.3 na sayen makamai, miliyan 500 na garkuwar kakkaɓo makamai masu linzami. A Afrilun 2024 majalisar dokokin Amurka ta ƙara wasu biliyoyin a kan wannan saboda yaƙin Gaza.

Ga abin da ba a cika faɗa ba. Mafi yawan kuɗin nan ba ya barin Amurka. Sharaɗin shi ne a sayi kayan kamfanonin Amurka irin su Lockheed Martin da Boeing, har ma yarjejeniyar 2016 ta tanadi a janye, sannu a hankali, ɗan kason da a da aka yarda Isra'ila ta kashe a masana'antunta. Ɗan majalisar da ke da masana'antar makamai a mazaɓarsa, kana ganin sai wani ya yi masa asiri kafin ya ɗaga hannu? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

INA ABIN YA SAMO ASALI?

Saiwar farko a coci take. Tun ƙarni na 17 wasu Kiristocin Ingila suka riƙi fahimtar cewa komawar Yahudawa Falasɗinu na cikin alamomin dawowar Almasihu. A ƙarni na 19 wani babban ɗan siyasar Ingila, Lord Shaftesbury, ya yi ta tallan wannan ra'ayi. A 1891 wani mai wa'azi Ba'amurke, William Blackstone, ya kai wa Shugaba Benjamin Harrison takardar koke mai sa hannun manyan mutane fiye da 400, suna neman a ba Yahudawa Falasɗinu. Ku lura da shekarar. Theodor Herzl, wanda ake kira uban aƙidar Sahayoniya, bai kira babban taronsa na farko a birnin Basel ba sai 1897. Har gobe wannan saiwar na da rai. Ƙungiyar CUFI da Fasto John Hagee ya kafa a 2006 tana iƙirarin mambobi fiye da miliyan 10, alhali duka Yahudawan Amurka ba su wuce miliyan 7 da ɗoriya ba. Ƙuri'un da ɗan takarar jam'iyyar Republican ke tsoron rasawa kan batun Isra'ila, yawancinsu na masu zuwa coci ranar Lahadi ne.

Saiwa ta biyu mulkin mallaka, kuma nan ne labarin ya taɓo ƙofar gidanmu. A 1903 sojojin Lugga suka ci Kano a watan Fabrairu, suka ci Sakkwato a watan Maris, Katsina ta miƙa wuya. Ministan da ke kula da ƙasashen mallaka a Landan lokacin shi ne Joseph Chamberlain. A wannan shekarar dai, mutumin nan ya yi wa Herzl tayin wani yanki a Gabashin Afirka, cikin ƙasar Kenya ta yau, don Yahudawa su zauna. Taron Sahayoniya ya yi watsi da tayin a 1905. Ku dubi ƙarfin hali: mutum yana zaune a Landan yana kyauta da ƙasar da ba ta ubansa ba. Irin wannan hannun ne ya zauna da Faransa a 1898 da 1904 da 1906 ya ja layin da ya raba Katsina da Maraɗi. Shi ne kuma ya raba ƙasashen Larabawa da Faransa a yarjejeniyar Sykes da Picot ta 1916, sannan ranar 2 ga Nuwamban 1917 ya rubuta wasiƙar Balfour, wadda ta yi wa Yahudawa alkawarin matsuguni a ƙasar da kusan kashi 90 cikin 100 na mazaunanta Larabawa ne, Musulmi da Kirista.

Kuna tsammanin son Yahudawa ne ya ja Arthur Balfour? Shi ne fa firaminista a 1905 lokacin da aka kafa dokar taƙaita shigar baƙi Ingila, dokar da aka yi ta musamman don tare Yahudawan da ke gudowa daga kisan gilla a Rasha. Kuma a majalisar ministocin 1917 Bayahude ɗaya ne tak, Edwin Montagu, shi ne ya fi kowa adawa da wasiƙar. Ingila na cikin yaƙi, tana neman goyon baya, tana kuma son kafa ƙafa kusa da mashigin Suwez, hanyarta ta zuwa Indiya. Lissafin daula ne.

Saiwa ta uku laifin Turai. Turawa sun shafe ƙarnuka suna gallaza wa Yahudawa. Ingila ta kore su a 1290. Sifaniya ta kore su a 1492, kuma cikin waɗanda suka buɗe musu ƙofa har da Sarkin Musulmin Turkiyya, Bayazid na Biyu. A 1938 ƙasashe 32 suka taru a garin Evian na Faransa kan batun Yahudawan da ke gudun Hitila, kusan duk suka noƙe. A 1939 jirgin ruwan St. Louis ya iso gaɓar Amurka da 'yan gudun hijira fiye da 900, aka hana su sauka, aka mayar da su Turai. Sannan Jamus ta Hitila ta hallaka Yahudawa miliyan 6. Wannan ya faru, akwai takardu, akwai sansanoni, akwai kaburbura. Mai cewa ƙarya ne ba taimakon Falasɗinawa yake ba, zubar da mutuncin hujjarsu yake. Kuma ina tambayar masu cewa su ke juya duniya: wane irin mai mulkin duniya ne za a hana shi sauka daga jirgi, a mayar da shi mahallaka?

Bayan yaƙi Turai ta tashi da nauyin kunya. A 1952 Jamus ta Yamma ta amince ta biya Isra'ila diyyar mak biliyan 3. Amma ƙasar da aka biya bashin da ita ta wasu ce. Falasɗinawa fiye da 700,000 suka rasa gidajensu a 1948. Bature ya yi laifi, Balarabe ya biya tara. Nan zaluncin yake, kuma ba sai an ƙirƙiro tatsuniya ba kafin a gan shi.

Saiwa ta huɗu Yaƙin Cacar Baka. Da yawa sun ɗauka tun ranar farko Amurka ke goye da Isra'ila. A'a. Gaskiya ne Shugaba Truman ya amince da ita minti 11 bayan ayyana ta ranar 14 ga Mayun 1948, duk da adawar sakataren harkokin wajensa George Marshall. Amma a lokacin Amurka ta hana sayar da makamai ga yankin baki ɗaya. Makaman da Isra'ila ta yi yaƙin 1948 da su, da yawa daga Cekosulobakiya suka fito, da yardar Stalin na Tarayyar Sobiyet. A 1956, da Isra'ila da Ingila da Faransa suka far wa Masar, Shugaba Eisenhower ne ya tilasta musu janyewa. Har zuwa 1967 Faransa ce babbar mai sayar wa Isra'ila jiragen yaƙi. Sai da Isra'ila ta murƙushe sojojin Masar da Siriya, masu ɗauke da makaman Sobiyet, cikin kwana shida a 1967, sannan Washington ta ce lallai ga ɗan dambe da zai yi mata amfani. A yaƙin 1973 Nixon ya yi jigilar makamai ta sama, ya nemi majalisa ta ba da dala biliyan 2.2. Daga nan kuɗin ya zama na shekara-shekara. Da Masar ta bar ɓangaren Sobiyet ta yi sulhu da Isra'ila a 1979, ita ma aka sa ta a layi, har yau tana karɓar kimanin dala biliyan 1.3 na soja duk shekara. Masar ƙasar Yahudawa ce?

Na san za a ce, to AIPAC fa? E, tana nan, kuma tana da ƙarfi. Ƙungiya ce ta kamun ƙafa a majalisa, a 2024 reshenta na zaɓe ya kashe fiye da dala miliyan 14 don kayar da ɗan majalisa ɗaya, Jamaal Bowman, a zaɓen fid da gwani. Amma haka siyasar Amurka take, masu bindiga na da tasu ƙungiyar, masu magunguna na da tasu, masu man fetur na da tasu. AIPAC ƙungiya ce mai suna da ofis da manufa, ana iya sukarta da hujja. "Yahudawa" kuwa al'umma ce ta mutum kusan miliyan 15 zuwa 16 a duniya, masu saɓani da juna kamar kowa. Sanatan da ya tilasta wa majalisar dattawan Amurka kaɗa ƙuri'a kan dakatar da sayar wa Isra'ila makamai a Nuwamban 2024, Bernie Sanders, Bayahude ne. Ƙungiyar B'Tselem da ke tattara bayanan cin zarafin Falasɗinawa a Isra'ila take. Mu da muke jin zafi idan aka ce duk Bafulatani ɗan bindiga ne, ko duk Musulmin Arewa Boko Haram ne, bai kamata a ji irin wannan kuɗin goron a bakinmu ba.

LADAN KUTURU

Abin da tarihin nan ke nunawa shi ne tallafi tsakanin ƙasashe ciniki ne. Ana ba ka don kana da amfani, ana ci gaba da ba ka don akwai masu tsaya maka a cikin gidan mai bayarwa. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi masa aski.

Iyayenmu sun san haka. A 1960, da gwamnatin tarayya ta ƙulla rance da Isra'ila, gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello ta ce ba ta son kasonta, yayin da Tafawa Ɓalewa ya ci gaba da hulɗa a matakin tarayya, Yamma da Gabas kuma suka yi aiki da kamfanonin Isra'ila. Gowon ya yanke hulɗa a Oktoban 1973, Babangida ya maido ta a 1992. Nijar ta yanke a 1973, ta maido a 1996, ta sake yankewa a 2002 zamanin Tandja Mamadou. Ko ka yarda da matakin wane ko ba ka yarda ba, ka ga ƙasashe suna auna abu suna yanke shawara. Babu wanda ya ce an ɗaure masa hannu da sihiri.

Yanzu ku dubi yadda ma'aunin yake idan ya zo kanmu. Amurka na da doka cewa a dakatar da tallafi ga ƙasar da soja suka kifar da zaɓaɓɓiyar gwamnati. A Yulin 2013 Sisi ya kifar da Mursi, aka kashe ɗaruruwan mutane a dandalin Rabi'a, gwamnatin Obama ta ƙi furta kalmar juyin mulki. Ta ɗan riƙe wasu makamai, ta sake su a 2015. A Cadi, 2021, ɗan Idriss Deby ya haye kujerar ubansa ba bisa tsarin mulki ba, Macron ya je jana'iza ya zauna kusa da shi. A Nijar kuwa, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Faransa da Tarayyar Turai suka tsayar da tallafi cikin kwanaki. Amurka ta yi ta jan ƙafa har 10 ga Oktoba kafin ta kira shi juyin mulki, saboda tana da sojoji kusan 1,000 a ƙasar da sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas da ta kashe wa fiye da dala miliyan 100. Da ta furta, ta dakatar da tallafin kusan dala miliyan 200. A watan nan ne Nijar ta zaftare kasafin kuɗinta da kashi 40 cikin 100. A Maris 2024 sojojin Yamai suka soke yarjejeniyar soja, kafin tsakiyar Satumba Amurkawa sun kwashe.

Sai Janairun 2025, Trump ya dawo ya dakatar da tallafin ƙetare. Takardar da ma'aikatar harkokin wajensa ta fitar ta keɓe agajin abinci na gaggawa da kuɗin makaman ƙasashe biyu, Isra'ila da Masar. Kafin tsakiyar shekara an rufe hukumar USAID. A Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun mutu da tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar, ta kuma ambaci yanke tallafin ƙasashen waje cikin dalilai. Ka ga bambancin ƙawa da almajiri. Ƙawa ana rubuta mata yarjejeniyar shekara goma. Almajiri kuwa ran da uwar gida ta tashi da fushi, ranar zai kwana da yunwa. Kuma kada mu tsaya zagin Trump kaɗai. Jihar da ke karɓar kasonta daga Abuja duk wata, a ce ran 'ya'yanta ya rataya a kan alƙalamin wani mutum a Washington, wannan abin kunyar namu ne.

TO, MU WACE CE ƘAWARMU?

Nan nake son mu tsaya. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani.

Idan akwai ƙasar da tarihi da jini da addini da harshe suka ɗaura mana, Nijar ce. Iyakarmu da ita kusan kilomita 1,500. Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, ka bi ta Jibiya, ka wuce Magama, ka shiga Ɗan Isa. Maraɗi kanta sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa ta bayan jihadi, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Akwai gidan da uba ke wannan gefe, ɗa ke wancan. Akwai manomin da gidansa ke Nijeriya gonarsa ke Nijar. Lokacin yaƙin basasa, da Faransa ke mara wa Biyafara baya ta bayan fage, Diori Hamani ya tsaya tare da gwamnatin tarayya. A Maris 2015 sojojin Nijar da na Cadi ne suka ƙwato garin Damasak na Borno daga hannun Boko Haram. Tun 2019 dubban mutanenmu daga Sakkwato da Zamfara da Katsina da 'yan bindiga suka kora, a ƙauyukan jihar Maraɗi suka samu mafaka, wajen mutanen da su kansu ba su da shi. Amurka da Isra'ila ba su da rabin wannan dangantakar.

Me muka saka musu da shi?

A Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, wai don hana fasa-ƙwaurin shinkafa. A Nuwamba aka ƙara da hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, abin da ya sa mutumin Jibiya ya koma baƙo a ƙasarsa. A Disambar 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfun, aka bar Jibiya a rufe har Afrilun 2022. Wata 32 ke nan, a jihar shugaban ƙasa. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga juyin mulkin 2023. ECOWAS ƙarƙashin Tinubu ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake garƙame Magama, aka yanke wutar lantarkin da Nijar ke samun kusan kashi 70 cikin 100 na abin da take amfani da shi daga wajenmu, aka ba da wa'adin mako ɗaya da barazanar yaƙi. Manyan motoci suka maƙale da kaya. Ɗan dako da ɗan acaɓa da mai canjin sefa da mai tuwo-tuwo a bakin boda suka zauna hannu rabbana. Asibitocin Maraɗi da Yamai suka koma kan janareta.

Ba na kare juyin mulki. Tsare Bazoum da aka yi ba tare da shari'a ba zalunci ne, kuma sojojin da suka ce sun zo gyara tsaro su ma a tambaye su ina aka kwana. Amma ku gaya mini, cikin wata bakwai da aka yi ana takunkumin, wane janar ne ya kwana da yunwa? Wane kanar ne fankarsa ta tsaya? Talakan Ɗan Isa da talakan Jibiya ne suka sha. Da ba don sanatocin Arewa sun ƙi batun yaƙi ba, da ba don irin su Janar Abdussalami da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar da Khalifa Muhammadu Sanusi da tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau sun yi ta zirga-zirga zuwa Yamai ba, Allah kaɗai Ya san inda za a tsaya.

Ƙarshenta fa? ECOWAS ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024 ba tare da an saki Bazoum ba. Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyaka ranar 13 ga Maris. Nijar ta fice daga ECOWAS, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. A Disambar 2024 Janar Tiani ya fito da harshen Hausa yana zargin Nijeriya da haɗa baki da Faransa, Abuja ta musanta. Ba a dawo da dimokuraɗiyya ba, ƙawancen ya yi rauni, Rasha da Turkiyya sun samu wurin zama. An yi ba a yi ba.

Ku kwatanta. Amurka, ko da shugabanta ya ji haushin firaministan Isra'ila, kamar yadda Obama da Netanyahu suka yi ta zaman doya da manja, yarjejeniyar tana nan, domin an gina ta a kan doka da majalisa da masana'antu da masu jefa ƙuri'a. Ina ƙin abin da ake aikatawa da wannan ƙawancen, amma na ga yadda aka gina shi. Namu da Nijar kuwa a kan me yake? A kan son ran mutum ɗaya. Buhari na da dangi a can, sai aka fara layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a 2021, mai tsawon kusan kilomita 284, wanda zai ratsa ta Jibiya. A 2022 aka sayi motocin alfarma na fiye da naira biliyan ɗaya aka ba gwamnatin Nijar, ƙasa ta ɗauki surutu. Ya sauka, wani ya hau, cikin wata biyu ana maganar tura sojoji. Kyautar motoci ga manya ba ta gina zumunci. Da kuɗin nan asibiti aka gina a bakin iyaka, da mutanen ɓangarorin biyu suna cin moriyarsa har yau.

ABIN DA YA RAGE MANA

Mutanen Blackstone ba su yi sihiri ba. Takarda suka rubuta, suka bi manya ɗaya bayan ɗaya suna karɓar sa hannu, waɗanda suka biyo bayansu suka kafa ƙungiyoyi, suka shekara fiye da 100 suna bibiya. Afirka ta Kudu, da ta ga abin da ake yi a Gaza, lauyoyi ta tara ta shigar da ƙara a Kotun Duniya a Disambar 2023. Mu kuwa jihohi bakwai ne ke iyaka da Nijar: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Sanatoci 21 ke nan, ban da 'yan majalisar wakilai. Wace doka suka kawo da za ta hana wani shugaba ya wayi gari ya rufe iyaka shekara biyu da rabi ba tare da ya je majalisa ba? Wa ya tsaya ya ce ko za a yi takunkumi, a cire abinci da magani da lantarki daga ciki? Wa ke bibiyar aikin layin dogon nan wata-wata yana gaya mana inda aka tsaya? Wa ya ƙirga shingayen da ke tsakanin Katsina da Jibiya, ya tambayi nawa direba ke zubarwa kafin ya kai Magama? Ina ƙungiyoyin 'yan kasuwar Katsina da Kano da Maraɗi, me ya hana su magana da murya ɗaya?

Wannan shi ne kamun ƙafa, kuma babu wanda ya hana mu yin namu. Lokacin zaɓe na zuwa, za su zo da atamfa da taliya. Ku tambaye su matsayinsu kan iyaka, a rubuce. Ku tambayi gwamna nawa ya ware wa tamowa, nawa aka fitar a zahiri. Mai son taimakon Falasɗinawa ya taimaka ta hanyar da ya tabbatar tana isa, ya matsa wa gwamnatinmu ta yi magana da ƙarfi a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya soki gwamnatin Isra'ila da masu ba ta makamai da sunayensu da hujja. Zagin wata al'umma baki ɗaya bai taɓa kai buhun gari ɗaya Gaza ba, bai kuma taɓa buɗe ƙofar Magama ba.

Na san wasu za su ce na karkatar da magana daga Ƙudus zuwa Jibiya. E, da gangan na yi. Wanda bai iya riƙe maƙwabcin da suke sallar Idi tare ba, yaya za a yi muryarsa ta yi nauyi a kan abin da ke faruwa a nisan dubban kilomitoci? Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar nan ta Magama take bi.

Wanda ke da ja, bismillah, fili a buɗe yake, amma ya zo da shekara da suna da adadi. Zagi da hotunan bogi zan goge. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Ɗan Isa da Madarunfa da ke bibiyar shafin nan, ina son jin ta bakinku musamman, ku faɗa mana yadda watannin nan bakwai suka kasance a wajenku.

Allah Ya kawo wa Falasɗinawa mafita, Ya zaunar da Nijeriya da Nijar lafiya, Ya ba mu shugabanni masu tunanin gobe. Amin.